KULOCIN BAYA

 Akwai wata ɗabi'a da muke da ita, mu mutanen wannan ƙasa, ko ma in ce ɗan Adam gaba ɗaya: idan abu ya lalace sai mu kai hannu ga wanda ya fi ƙara, ko wanda ya fi kusa da ido, mu ɗora masa laifi. Idan tuwo ya yi gudaji a ce gari ne, idan yaro ya faɗi jarrabawa a ce malami ne, idan babur ya kasa hawan tudu a ce injinsa ya mutu. Hausawa sun daɗe da gano wannan hali namu, shi ya sa suka ce an bar jaki ana dukan taiki. To yau ina so in ɗan ja hankalinka a kan wani ƙarfe da bai wuce faɗin faranti ba, wanda yake ɓoye a bayan murfi, kusa da tayar baya. Kanikawa suna kiransa kulocin baya. Kada ka ce ai kai ba bakanike ba ne, me ya haɗa ka da shi. Ka dai biyo ni sannu, domin ni ma ban taɓa riƙe sufana da sunan sana'a ba.

Wanda ya san ƙasarmu ta Rano da Kibiya ya san ba shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba ce kamar arewacin Kano. Garin Autan Bawo duwatsu ne suka kewaye shi. Da zarar ka bar kwalta ka nufi ƙauyuka, sai burji da yashi, sai gangara zuwa rafi da hawa bayan an haye shi. Da damina taɓo, da hunturu kuwa jan ƙura mai laushi kamar garin lalle, wadda babu ramin da ba ta shiga. Abin hawa a irin wannan ƙasa ba a shimfiɗaɗɗiyar hanya ake sanin lafiyarsa ba, sai a kan tudu.

Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, malamin firamare ne. Gidansa yana cikin Rano, makarantar da yake koyarwa kuma tana wani ƙauye a ƙasar Kibiya. Tun yana ɗan shekara uku shan inna ta taɓa masa ƙafar hagu. Rabon da a sami wannan cuta irin ta asali a Jihar Kano tun 2014, a Sumaila, kuma a watan Agustan 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ita. Amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, suna neman abincinsu kamar kowa. Duk wanda ya taɓa hawa babur ya san da ƙafar hagu ake sa giya, ko Boxer ne, ko Jincheng, ko roba-roba. Saboda haka Yaya bai taɓa iya tuƙa ko ɗaya daga cikinsu ba. Shekara da shekaru sai dai a goya shi, ya biya kuɗin zuwa ya biya na dawowa, ranar da ɗan acaɓa ya makara shi ma ya makara.

Da Allah ya hore masa, sai ya yi adashi ya sayi ɗan babur ɗin nan mai bel, wanda ba shi da giya ko ɗaya. Birkinsa biyu duk a hannu suke, ga faffaɗan wurin ajiye ƙafa. Murɗa totur kawai za ka yi ya tafi. A wajen wani wannan abin hawa ne, a wajen Yaya kuwa ƙafa ce aka mayar masa. Ranar da ya fara tuƙa kansa zuwa makaranta, har hawaye mahaifiyarmu ta yi.

Ya yi shekaru yana morarsa lafiya. Sai a hunturun 2023, shekarar da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu kowa ya shiga lissafin lita, babur ya fara wani hali. In za a tashi sai ya yi ta kakkarwa kamar mai zazzaɓi. In an hau miƙaƙƙiyar hanya ya tafi sumul. In an zo tudu kuwa, wani lokaci inji ya yi ta ihu alhali taya ba ta tafiya, wani lokaci kuma ya shaƙe kamar an danne masa maƙogwaro. Ga warin roba mai ƙuna, ga shan mai ya ƙaru a lokacin da man ya fi ƙarfin talaka.

Bakaniken farko ya ce kafireto ne, ya wanke, ya canza fulogi. Kwana biyu abu ya dawo. Na biyu ya kasa kunne ya ce ai inji ne ya gaji, sai an sa sabon fistin da ringi. Matar Yaya ta sayar da akuyarta aka sa. Abu yana nan. Na uku shi ne ya buɗe murfin gefe, ya ga bel ya yi santsi yana ƙyalli, ya ce ga ɓarawon nan. Aka sa sabon bel. Bai yi wata biyu ba ya tsinke a hanya. Aka ce jabu ne, aka sayi mai tsada. Shi ma ya bi ɗan'uwansa. Kafin damina ta faɗi an ci bel uku.

Akwai wani rafi dab da makarantar, wanda in an haye shi sai an hau wani ɗan tudu. Nan babur ya riƙa tsayawa. Yaya ba shi da ƙafar da zai sauka ya tura, sai dai ya dogara da ta dama ya jira. Ɗalibansa su ne suke rugowa su turo shi har ƙofar aji, wasu suna dariya irin ta ƙuruciya. Wata rana da daddare muna zaune a zaure ya ce da ni, "Auta, wallahi ba turin ne yake damuna ba. Yaron da ya turo ka da safe, da wane ido za ka tsawata masa da hantsi?" Ga shi kuma an fara yi masa magana a kan makara, har an ce in abin ya ci gaba za a rubuta. Sai ya fara zancen sayar da babur ya koma goyo. Ni kuwa na san in ya koma goyo, rabin albashinsa a hanya zai ƙare.

Ana haka sai wani abokin aikinsa ya ce mu gwada wani dattijo da yake zama a bayan kasuwa ƙarƙashin darbejiya. Kowa Baba yake ce masa. Ba shi da yawan yara, ba shi da yawan magana, kuma mutane suna ƙorafin yana da nawa, aikin awa ɗaya sai ya kai shi la'asar. Muka je muka gaisa, Yaya ya fara zayyana masa abin da aka kashe. Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, bar lissafin tukuna, ba ni makulli." Ya hau ya nufi wajen gari inda akwai hawa. Da ya dawo sai ya kafe babur a kan tsayuwarsa ta tsakiya, ya kwance murfin gefe, ya tayar da inji, ya murɗa totur a hankali yana kallon bel, sannan ya saki. Ya yi haka sau uku. Sai ya kashe ya ce, "Injinka lafiyarsa ƙalau, tun farko ma lafiyarsa ƙalau. Kun bi mai ihu kun bar mai nishi."

Ya shiga cikin akwatin kayansa ya ɗauko wani tsohon ƙarfe, irin wanda ke jikin babur ɗin amma ya fi shi girma da nauyi. Ya ce da ni, "Ɗana, ka san motar golf?" Na ce na san ta a hoto, 'yar ƙaramar motar nan marar ƙofa da masu wasan golf suke yawo da ita a fili, kuma alhazai suna ba da labarin irinta a Harami ana ɗaukar tsofaffi. Ya ce, "Waɗancan na Harami da batir suke aiki, ba su da wannan. Amma akwai masu shan fetur, na kamfanin Yamaha da Club Car da E-Z-GO. Na yi shekaru ina gyaransu a wani filin golf a Abuja kafin ƙarfina ya ja baya in dawo gida. Wannan kulocin bayan ɗaya daga cikinsu ne. Da shi da na babur ɗin yayanka uwarsu ɗaya."

A nan ne ya yi mana bayanin da zan yi ƙoƙarin maimaita maka, mai karatu, gwargwadon yadda na fahimta. Abin hawa irin wannan ba shi da giya ta ɗaya da ta biyu da ta uku. Abin da yake da shi fuli biyu ne da bel a tsakaninsu. Kowane fuli faifai biyu ne na ƙarfe masu tudu a tsaka, suna fuskantar juna, bel yana zaune a kwarin da ke tsakaninsu. In faifan suka matso juna sai su tura bel sama zuwa baki, in suka buɗe sai ya nutse ciki. Na gaba yana jikin inji, shi ne mai ja. Na baya yana wajen taya, shi ne wanda ake ja. Lokacin tashi, na gaba a buɗe yake, na baya a matse, wannan ita ce giyar ƙarfi. In inji ya ƙara juyi, akwai wasu 'yan nauyaya a cikin na gaba, a babur guda shida ne masu kama da guntun rake, gudu yana watsa su waje su matse faifan. Bel ya hau sama a gaba, dole ya nutse a baya, ya buɗe faifan baya da ƙarfi. Wannan ita ce giyar gudu. Babu tsalle daga wata giya zuwa wata, a hankali abin yake sauyawa kamar ketowar alfijir.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin DAF na ƙasar Holan ya fito da mota mai irin wannan bel tun 1958, ƙirar wani injiniya mai suna Hub van Doorne. Daga baya Japanawa suka zuba ta a ƙananan babura, 'yan Sin suka kwaikwayi injin Honda wanda ake kira GY6 suka cika duniya da shi, shi ne ma a jikin babur ɗin Yaya. Masu ƙera motar golf a Amurka su ma ita suka ɗauka, domin ɗan wasan golf ba ya son wahalar giya, taka feda kawai yake so ya yi.

"To amma," in ji Baba, "na gaba gudu kawai ya sani. Bai san tudu ba, bai san kaya ba, bai san yashi ba. Wanda yake jin nauyi shi ne na baya." Ya nuna mana wani ƙaton sifirin a cikin na motar golf, wanda kullum yake ƙoƙarin matse faifan. Ya nuna wani ƙarfe mai hawa uku kamar matakala karkatacciya, da wasu 'yan maɓallai na roba mai tauri waɗanda suke zamewa a kan hawan. In mota ta zo tudu taya ta yi nauyi, wannan nauyin ne yake murɗa faifai ɗaya, maɓallan su bi hawan, faifan su matse, bel ya dawo sama, mota ta koma giyar ƙarfi da kanta ba tare da direba ya san an yi ba. Wato shi kulocin baya aikinsa biyu: ya ba da hanya in ana gudu, ya riƙe in an zo wuya.

Sai ya juya ƙarfen ya ce in shafa maɓallan. Na shafa na ji sun cinye, ɗaya ma babu shi, ƙarfe yana cin ƙarfe har ya yi rami a kan hawan. Ya ce, "Ka ga wannan robar? Kuɗinta bai kai na cin abincin rana a wancan filin ba. Amma in ta cinye, mota ta daina hawan tudu, sai ka ga an sauke inji ana neman ciwo inda babu." Ya ce a motar golf abu huɗu yake dubawa. Na farko maɓallan. Na biyu sifirin, ko ya saki ko ya karye. Na uku bushin da faifai yake zamewa a kansa, in ya cinye faifan ya riƙa rawa in ka girgiza shi da hannu. Na huɗu fuskar faifan, in bel ya haƙa mata kwari har farce yana maƙalewa, to ta gama aiki, duk sabon bel ɗin da ka sa yanka shi za ta yi. Kuma tun kafin ya kwance komai yakan duba inda bel yake zaune in mota tana tsaye. Lafiyayye yana daidai da bakin faifan baya, ko ya ɗan ɗara kaɗan. In ya nutse ciki, ko bel ya sirance ko faifan ba sa rufewa.

Daga nan ya juya kan babur. Ya riƙe ƙwaryar kuloci da wani ƙarfe mai ƙaho biyu, ya kwance noti, ya zaro kulocin baya ɗungurungum. Cikin ƙwaryar ya yi shuɗi saboda zafi. Ya ce na babur ya ɗara na motar golf da abu ɗaya, wato takalma uku masu kama da na birki, waɗanda gudu yake buɗewa su kama ƙwaryar, sannan taya ta juya. Tun da faifan ba sa komawa giyar ƙarfi, kullum babur a giyar sama yake tashi, takalman suna ta zamewa suna ƙuna har suka yi santsi. Kakkarwar da Yaya yake ji ke nan.

Akwai wani faffaɗan noti siriri da ya danne sifirin. Kafin Baba ya taɓa shi sai da ya kori yaran da suka taru kallo. Ya ce ya taɓa ganin wanda wannan sifirin ya zubar wa haƙora. Ya sassauta notin kaɗan, ya ajiye kulocin a ƙasa, ya taka shi da ƙafa biyu, ya ƙarasa kwancewa da hannu, sannan ya ɗaga ƙafarsa a hankali har sifirin ya miƙe. Ya cire wani zoben ƙarfe, sai ga wasu ramuka uku dogaye a karkace, kowanne da ɗan ƙusa a ciki. Ya ce waɗannan su ne a madadin hawa da maɓallan motar golf.

Mai karatu, gani ya kori ji. Inda ya kamata a ga giris mai santsi, wani jan abu muka gani busasshe kamar yumɓu. Robobin da suke tsare wurin sun tsage, giris ya fita ya shafi bel, ƙurar hunturu ta shiga ta gauraya da ragowar ta zama kamar dutsen wasa wuƙa. 'Yan ƙusoshin sun lafe ta gefe ɗaya. Ramukan kuma kowanne ya yi wani lungu a tsakiya, daidai inda ƙusa take zama in ana tafiya a miƙaƙƙiyar hanya. In an zo tudu faifai ya so komawa, sai ƙusa ta maƙale a lungun. Baba ya ce, "Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Robar nan ita ce bangon." Sannan ya nuna mana wani ɗan soso a bakin murfin, wanda aikinsa tace iskar da take sanyaya bel. Ya toshe ƙirin, ya yage ta gefe. Tun da aka sayi babur ba wanda ya taɓa wanke shi, domin ba wanda ya san yana nan.

Yaya ya ce, "Baba, ko a yi wa ramukan walda a goge?" Ya girgiza kai ya ce in lungun ƙarami ne yakan goge shi da zarto ya daidaita, amma wannan ya yi zurfi, in aka yi walda zafi zai karkatar da faifan, a gudu ba a tsira ba. Ya ware abin da za a saya da wanda za a bari. Faifai mai motsi, da ƙusoshi uku, da robobi, da sifirin, da bel, su za a sake. Ɗaya faifan, da boris ɗinsa, da ƙwarya, da takalma, duk suna da sauran rai. Ya ɗaure tsofaffin a leda ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, kada ka je da baki, ka je da waɗannan. Ka ɗora sabo a kan tsoho ka gani da idonka. Sifirin sabo dole ya fi wannan tsawo, domin wannan ya kwanta. Bel kuma ka karanta lambar da ke bayansa." Ya koya mini cewa lambobin nan uku, irin su 842-20-30, na farko tsawon bel ne da milimita, na biyu faɗinsa, na uku karkatar gefensa. In faɗin ya ragu da milimita ɗaya ko fiye, bel ya tsufa ko da bai tsage ba. Ashe ɗaya daga cikin bel ukun da aka sa a baya ma ba lambarsa ba ce.

Washegari na yi sammako na bi ta Bunkure na fita Karfi na shiga Kano. Na zaga Ƙofar Ruwa da Sabon Gari da ledata a hannu. Wani mai shago ya ce in sayi kulocin gaba ɗaya in huta, wani ya miƙo mini mai araha ya ce duk ɗaya ne. Na ɗora a kan tsoho na ga ramukansa ba su karkata daidai ba, na ajiye masa. Sai wajen azahar na sami wanda ya dace. Da na haɗa lissafi, duk abin da na saya, har da kuɗin mota, bai kai abin da aka kashe a fistin da ringi ba, balle a haɗa da bel uku.

Haɗawar ta ɗauki Baba yini guda, kuma a ranar na gane abin da mutane suke kira nawa. Ya wanke komai da kananzir ya shanya a kan takarda. Ya goge takalman da cikin ƙwaryar da samfefa har ƙyallin ya tafi. Ya sa giris mai jure zafi a cikin ramukan kaɗai, ɗan kaɗan a kan yatsa, yana cewa giris a nan kamar gishiri ne a miya. Ya zaunar da robobin da yatsa ba da sukundireba ba, don kada ya huda su. Ya sake taka sifirin ya ɗaure noti. Sannan ya jiƙa tsumma mai tsabta da fetur ya goge fuskokin faifan har sau biyu, domin ko ɗigon maiƙo bai kamata ya taɓa bel ba. Da zai sa bel sai ya duba kibiyar da aka zana a bayansa ya fuskantar da ita gaba, ya buɗe faifan baya da hannu ya cusa shi ciki sosai, don ya sami sakin da zai ɗaure notin gaba ba tare da ya cije bel ba. Ya wanke soson nan, ya ɗinke inda ya yage. Da ya tayar da inji, sai muka ga bel yana hawa yana sauka a natse, in an saki totur ya dawo bakin faifai da kansa.

Ranar Litinin Yaya ya haye rafi ya hau tudun nan ba tare da ya ƙure totur ba. Yaran da suka rugo don turi sai dai suka bi shi da gudu. Mai kuma ya koma kai shi kwanakin da ya saba.

To jama'a, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bayan kwana biyu na je gidan Yaya na tarar yana lissafin yadda zai mayar wa matarsa akuyarta. Ya ce da ni, "Auta, maganar Baba ta hana ni barci. Watannin nan duk ni nake ihu, ni ake yi wa sannu. Ita kuwa ita ta sayar da dabbarta, ita ta ƙara kwanon awara da take soyawa, ita take tashi tun kafin asuba don in fita da wuri saboda tsayawar hanya. Ban taɓa ce mata ina yake miki ciwo ba." Ban ce masa komai ba, domin maganar ta fi ƙarfin ƙani.

Amma na yi ta juya ta a raina. Kowane gida yana da injinsa, mai ƙara, wanda in ya yi tari kowa ya ji. Kowane gida kuma yana da wanda yake bayan murfi, wanda in ana cikin daɗi ya ba da hanya, in an zo tudu ya matse ya riƙe. Wani gidan uwa ce, wani gidan babbar 'ya ce da aka cire daga makaranta don ta yi reno, wani wurin yaron shago ne da yake buɗewa yake rufewa, wani wurin ɗan ƙodago ne da yake cikin ruwan shinkafa a Kadawa tun safe. Irin waɗannan ba sa lalacewa rana ɗaya. Kaɗan-kaɗan suke cinyewa, a wuri ɗaya, inda nauyi ya saba zama. Ranar da suka kasa riƙewa sai a ce sun canza hali, a nemo sabon bel, wato a yi wani gyara na ganin ido, alhali ba a buɗe an duba ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Saboda haka ga 'yar shawarata ga mai irin wannan abin hawa, ko babur ne ko motar golf ce ta faɗo hannunsa. In ya ga ƙarfi ya ragu a tudu amma yana nan a miƙaƙƙiyar hanya, a fara buɗe murfin gefe kafin a taɓa inji. In sabon bel ya mutu da wuri, kada a sayi wani sai an san abin da ya kashe na farko. Duk ƙarshen hunturu a buɗe a kaɗe ƙura, a wanke soso, a duba robobi. Kada a bar yaro ya kwance babban noti shi kaɗai. Kuma in an sami bakanike mai hawa ya gwada kafin ya yanke hukunci, a riƙe shi da kyau, a biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba, ko da ana cewa yana da nawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Wanda kuwa ba shi da babur, ai yana da gida. Ya duba ya ga wane ne yake nishi a cikinsa, ya tambaye shi tun bai kai ga kasawa ba. Allah ya ba mu ikon lura, ya saka wa masu ɗaukar nauyinmu da alheri. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.